Takardar da Ke Aljihun Mai Malafa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, ƙarfe goma saura kwata na safe, Allah Ya karɓi ran malaminmu, shugaban ɗakin gwajin ruwa, wanda kowa a ma'aikatar nan ya fi sani da Mai Malafa. A matakalar benen da ya yi shekara bakwai yana hawa ya faɗi, bokitin ruwa a hannunsa. Bai yi ko ciwon kai ba, bai kwanta na wuni ɗaya ba. Likita ya ce zuciya ce. Kafin a sauko da shi ƙasa, rai ya yi halinsa.

Malam, yau kwana takwas, kuma har yanzu ban yarda ba. In na ji takun takalmi a matakalar nan sai na ɗaga kai. Ina kan teburina a safiyar Iya mai shara ta leƙo ta ce, "Malama, fito ki gani, ruwa na gangarowa daga bene." Wallahi haushi na ji. Na ɗauka kai ne ka sake cika bokiti har baki kamar yadda ka saba, na tashi na fita da baƙar magana a bakina, na shirya ta tsaf. Na bi ruwan da ido har sama, sai na ga malafarka a kife a kan matakala ta huɗu, kai kana can sama da ita a jingine da bango, idonka a buɗe. Na kira ka sau uku. Ban san lokacin da na zauna a cikin ruwan ba.

Dole in faɗi abin da ke ci na, ko da mutane za su ga kamar ba wurinsa ba ne. Ka rasu muna cikin kwana na shida da ba na amsa gaisuwarka da baki. A safiyar Talatar nan ka tsaya a ƙofata ka ce, "Malama, ina kwana?" Na gyaɗa kai kawai, ban ma ɗago daga takardar da nake dubawa ba. Ka ɗan tsaya, ka wuce. Minti arba'in tsakanin wannan da faɗuwarka.

Wanda bai san aikinmu ba ba zai gane abin da ya haɗa mu faɗa ba, don haka bari in yi bayani yadda kai kake yi wa baƙi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ba marasa lafiya ba ya ƙarewa a jikinsu. Saura yakan fita ta fitsari, ya bi kwatar asibitin da ke bayanmu, ya faɗa rafin da mutane ke wanki a ciki suke ban ruwan lambu da shi. Ba shi da yawan da zai kashe ƙwayoyin cutar da ke rafin, amma ya isa ya koya musu sabo da shi. Ranar da irinsu suka shiga jikin mutum, a ba shi maganin nan, sai ya zama kamar an ba shi ruwan famfo. Kai kuma ka ƙera wata hoda, fara mai ɗan rawaya-rawaya, ka shafe tayil da ita ka gasa. In aka shimfiɗa ruwan kwata a kai, mai kaurin ɗan yatsa, aka bar shi a rana, hasken yakan sa hodar ta farfasa maganin, ita kuma tana nan ba ta ƙarewa. Kakan ce, "Rana ce mai niƙa, hodar nan dutsen niƙa ce kawai."

Da ka fara, dariya aka yi ta yi maka. Direbobi suka ce mutane na shanya tufafi, shi Malam ruwa yake shanyawa. Ba ka ji haushi ba, sai ma ka karɓi sunan, ka rubuta "Mashanyar Ruwa" a allo ka kafa a ƙofar saman bene. Malafar kuma likitan ido ne ya tilasta maka, da ya ga ranar ta fara cin idonka. Washegari ka shigo da guda shida a kafaɗa, ka raba mana, ka ce ba za ka yi kama da mai tsaron gona kai kaɗai ba. Gajimare kuwa shi ne abokin gabarka. Ranar ɗaurin auren babbar 'yarka ka kira ni daga cikin taro, na ɗauka wani abu ake bukata, sai na ji kana raɗa, "Malama, leƙa mini taga, akwai rana a wajenku?"

Alherinka ba ya ƙirguwa, kuma ba ka son a ambata. Lokacin da nake da cikin autana ka hana ni hawa bene wata biyar. Matakala sittin da biyu ce, na sani don na ƙirga, kuma kai da ka haife ni ka riƙa ɗaukar bokitina da naka. Da tayil ɗinmu suka daina aiki muka yi mako uku muna zargin hoda, muna zargin na'ura, Iya mai shara ce ta ce, "Ni dai tun da aka canza sabulun wanke-wanke nake ganin tayil ɗin nan na santsi." Ita ce da gaskiya. Ka sa sunanta a rahoto, a layi ɗaya da namu, ka sa aka karanta mata a gaban kowa. Ta rufe fuska da gyale tana cewa, "Kai Malam, ka bari mana." Ranar Talata ita ce ta ɗauke malafarka daga cikin ruwa, ta rungume ta, ta ƙi ba kowa.

Ka taɓa gaya mini dalilin da ya sa ka bar aikin da ya fi wannan suna ka dawo kana jiƙa hannu a ruwan kwata. Bayan haihuwarta ta uku, matarka, wadda duk muke kira Yaya, ta kamu da zazzaɓin da ya ƙi jin magani. Aka gwada na farko, na biyu, har na biyar, kana zaune a bakin gado kana kallon ledar ruwa tana ɗiga a banza. Na shida ne Allah Ya sa ya kama. Ka ce tun ranar kake tambayar kanka, matar wa ce za ta zo ta tarar na shidan ma ya daina aiki?

To ga faɗanmu. Asibitin zai gyara kwatarsa, a zuba mata siminti a rufe. Hukumarsu ta yarda ta ba mu fili a bakin kwatar a gina mashanya ta gaske kafin a rufe, da sharaɗin mu gaya musu awa nawa ruwan ke bukata a rana, don shi ne zai nuna girman ginin. Za su zauna ranar Litinin, sha bakwai ga wata, bayan nan ɗan kwangila ya fara zuba siminti, ko da mu ko ba mu. Na'urarmu ta nuna cewa a awa huɗu kashi casa'in da bakwai na maganin ya ɓace. Ginin awa huɗu zai shiga filin da suka ba mu daidai. Na awa shida kuwa sai an ci rabin wurin ajiye motocin likitoci, kuma duk wanda ya san asibiti ya san me wannan ke nufi. Ni na ce mu rubuta huɗu mu karɓi abin da ya samu. Kai ka ce a'a.

Ka ce na'ura da fuska ta san magani, in ya farfashe ba ta gane gutsattsarinsa, kuma gutsattsarin na iya zama da sauran dafi. Ka ce, "A tambayi ƙwayar cutar kanta, ita ce ba ta ƙarya." Ni kuma bakina bai da linzami in raina ya ɓaci. Na ce shekara bakwai muna hawa bene, ga dama ta zo har ƙofa za ka kore ta saboda taurin kai. Na ce mutanen lambu ba su da lokacin jiran tsantseninka. Na faɗi wata ma da ta fi wannan, ba zan maimaita ba. Ka cire tabarau ka goge, ka ce, "Na ji, Malama." Daga ranar na ɗauke maka wuta.

Tambayar ƙwayar cuta aikina ne. Ina shuka ta a faranti, in ɗiga ruwan gwaji a tsakiya, in sa a akwatin ɗumi ya kwana. In da sauran dafi a ruwan, washegari za a ga zobe fayau kewaye da ɗigon, inda ƙwayar ta kasa tsirowa. In babu zobe, ruwan ya wanku. Amma kana da wata ƙa'ida da ta sha ba ni haushi. Ba ka taɓa ba ni kwalba da sunan abin da ke ciki ba. Lamba kawai kake rubutawa, a hargitse, ka rubuta fassarar lambobin a 'yar takarda ka ninke ka sa a aljihun gaban rigarka. Sai na auna zoben na rubuta na sa hannu, sannan ka ciro ta. Kakan ce ido yana ganin abin da zuciya ke so, naka da nawa duka. Ranar Litinin da la'asar ka ajiye mini kwalabe goma sha biyu a tire, ka wuce. Na shuka su. Ranar Talata da rana ya kamata mu buɗe.

Ban san yadda aka yi ba, amma a ranar, bayan motar da ta ɗauke ka ta fita, zanina a jiƙe, na koma ɗakin gwaji na kwashe farantan daga akwatin ɗumi na naɗe su na sa a firji, ba tare da na kalli ko ɗaya ba. Hannuna ne ya yi, ni ba na wurin. Sai ranar Alhamis abin ya faɗo mini kamar an watsa mini ruwan sanyi: takardar tana aljihunka. Na birkice teburinka, littafinka, har kwandon shara. Babu. Farantai sha biyu ba fassara ba su da maraba da farantan cin abinci. A sake gwajin kuma ba zai yiwu ba, tayil ɗin da suka rage sun farfashe a cikin bokitin da ka faɗi da shi, gasa sababbi mako uku ne, hukuma kuwa ranar Litinin za ta zauna. Abin da ya rage shi ne in rubuta huɗu, in sa sunanka a ƙasa, kai da ba ka nan balle ka musa. Na zauna da alƙalami a hannu na kasa.

Ranar Juma'a da hantsi na tafi gidanka. Falon cike da mata, an jingine kujeru a bango an shimfiɗa tabarmi, Yaya tana kusurwa da carbi. Na yi gaisuwa na zauna kusan awa guda ina juya maganar a baki. Da wane ido zan tambayi matar da mijinta ya kwana uku a ƙasa abin da ke aljihun rigarsa? Na yunƙura zan tafi sau biyu. A na uku ta kama gefen mayafina ta ce, "Ƙanwata, taso mu shiga ciki."

A ɗakinka rigar tana rataye a bayan ƙofa, shuɗiyar nan mai tabon hoda a hannu. Na fara kame-kame, ta ɗaga mini hannu.

"Takarda kika zo nema. Tana nan. Shekara ashirin da shida ina laluben aljihun mutumin nan kafin in yi wanki, kin ga gwangwanin can? Duk irin takardun nan ne a ciki." Ta dube ni. "Kin rubuta naki?"

Na ce, "Yaya, ban ma buɗe farantan ba."

"To ba zan ba ki ba."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce Yaya, Litinin fa za a zauna.

"Ko gobe ne. Sau nawa yana dawowa gidan nan yana ba ni labarin yadda kike masa fushi kan takardar nan? Yana raye bai ba ki ba sai kin rubuta, ni ce zan ba ki don ya mutu? Je ki auna ki sa hannu ki dawo. Ina nan, ina zan je?"

Malam, muryarta ce, amma kai na ji. Na fita daga gidan ina kuka kamar wadda aka mara, matan falo suna ta ba ni haƙuri, ba su san abin da ya faru ba.

Na koma na jera farantan a ƙarƙashin fitila na ɗauki rula. Huɗu suna da zobe babba. Biyar suna da zobe siriri, kamar bakin farce, wanda in mutum yana so zai iya cewa bai gani ba. Uku babu komai, ƙwayar ta tsiro har kan ɗigon. Hankalina ya tashi, domin kullum uku-uku kake rabawa, kashi huɗu, wannan lissafi kuwa bai fita ba. Na ce shi ke nan, a cikin fushi na yi shukar, na ɓata aikin ƙarshe na bawan Allah. Na auna siraran nan sau uku-uku. Zuciyata tana ta ce mini ki rubuta sifili, wa zai sani? Na rubuta abin da rula ta nuna, na sa hannu, na sa kwanan wata.

Bayan la'asar na koma. Yaya ta karɓi takardata ta duba sa hannun, sannan ta tashi ta zura yatsu biyu a aljihun rigar ta ciro taka. Ta sa tabaranka, don nata ya ɓace a cikin hidimar mutane. Ta ce in kira lamba, ita ta faɗi abin da ke ciki. Manyan zobba huɗun, biyu ɗanyen ruwan kwata ne, biyu kuma wanda ka rufe a duhu bai ga rana ba. Haka ya kamata su fito. Na kira lambar farantin farko mai siririn zobe.

"Awa huɗu," in ji ta. "Ya rubuta, na Malama."

Na kira na biyu. Awa huɗu, na Malama. Na uku, na huɗu, na biyar, duk haka. Ukun da suka fita tas kuwa na awa shida ne. Kai ne da gaskiya. Da an bi tawa, da mun gina abin da zai riƙa sakin ruwa mai sauran dafi cikin rafin nan shekara da shekaru, da allo a gabansa ɗauke da sunanmu, kowa yana cewa an gyara. Kuma aikinka ya yi, Malam. A awa shida rana ta cinye maganin ƙurmus. 'Yan awanni suka rage ka gani da idonka.

Na ce, "Yaya, me ya sa nawa biyar? Ai uku yake yi."

Ta cire tabaran ta riƙe a cinya. "Ranar Lahadi yana zaune nan inda kike ya ce mini, wataƙila yarinyar nan ce ke da gaskiya, ni ne tsufa ya sa mini taurin kai. Ya ce zai rage na wasu ya ƙara a naki, in ko ɗaya ya fita tas zai sake tunani. Ya ce ba ki gaishe shi, amma ba komai, ranar Talata za ku shirya ko ta wane gefe abin ya faɗi."

Ni da na zo yi mata ta'aziyya, ita ce ta riƙe kaina a kafaɗarta.

Ranar Litinin na tsaya gaban hukumar asibiti da rahoton da na rubuta shida a ciki da hannuna. Babban likita ya ce, "Malama, kin san abin da kike nema kuwa? A ina za mu ajiye motoci?" Na jera masa farantan a kan tebur, na nuna masa siririn zoben, na ce wannan nake nema a cire daga ruwan da ake wanke latas ɗin da matarsa ke saya. An dakatar da ɗan kwangila mako biyu, maganar fili tana gaba. Ban san yadda za ta ƙare ba, amma sun san yanzu cewa rashin linzamin bakina bai tafi tare da kai ba. Mun kunna murhun gasa tayil jiya. Iya mai shara ce za ta riƙa sa wa kwalabe lamba, takardar kuma Yaya ta ce a riƙa kai mata, akwai sauran wuri a gwangwani.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka ba shiri, bokiti a hannu, yana kan hanyar wanke ruwan da bayinKa ke sha. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa kowane ɗigon ruwa da aikinsa zai tsarkake ya zama sadaka mai gudana a gare shi, Ka shayar da shi daga tafkin ManzonKa, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya, da 'ya'yansa huɗu, da ƙannensa, da tsohuwar mahaifiyarsa wadda har yau take tambaya ko ya dawo daga aiki. Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfin wannan rashi, Ya tsaya muku a inda yake tsaya muku. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya hana mu kwana da fushin wanda ba mu da tabbacin za mu sake gani.

Yaya ta ce ka yafe mini tun kafin in nema, kuma na yarda da ita. Amma akwai abin da ka tambaye ni a ƙofa ranar Talata, ban ba ka amsa ba.

Lafiya lau, Malam. Yau akwai rana.